Yadda za ka gane gaskiyar kalorin da injin motsa jiki ke nuna maka

Ka yi rabin awa a kan injin gudu, riga ta jiƙe sharkaf, allo ya nuna kalori 400. Ka sauko kana ganin yau dai ka ci bashin tsire da lemo mai sanyi. Dakata tukuna. Injin bai auna abin da jikinka ya ƙona ba, kintace ya yi. Masu bincike idan suna son adadin gaskiya, takunkumi suke ɗaura wa mutum a baki da hanci, su auna iskar oksijin da jikinsa ya yi amfani da ita, kowace lita kusan kalori 5. Injin gidan motsa jiki kuwa abin da ya sani shi ne saurin bel, tudun da ka saita, da yawan mintuna. Ga yadda za ka rage wa lambarsa ƙarya.

Fara da shigar da nauyinka kafin ka taka bel. Yawancinmu maɓallin farawa da sauri muke dannawa, injin kuma sai ya ɗauka kai ne mutumin da aka saita masa tun daga masana'anta, galibi mai kilo 70 ko kusa da haka. Injin tuƙin kwalekwale na kamfanin Concept2 ma da mai kusan kilo 79 yake lissafi. Mace mai kilo 58 da ta hau injin da ke zaton 70 ce, an ƙara mata kusan kashi 20 cikin ɗari tun ba ta yi gumi ba. Ƙato mai kilo 95 kuma shi aka ƙwara. Idan injin ya nemi shekaru da jinsi, ba shi.

Sai ka saki ƙarfen riƙewa. Wannan ne kuskuren da na fi gani: mutum ya ɗaga tudu har sama, ya rungume ƙarfe ya jingina da baya, hannu na ɗauke da nauyin da ya kamata ƙafa ta ɗauka. Injin bai san da haka ba, yana ta ƙirga maka hawan dutse. Idan ba ka iya tafiya sai da riƙo, rage tudun ko saurin. Dattijo ko mai jiri, shi kam ya riƙe abinsa, lafiya ta fi lamba.

Mataki na uku shi ne ka yi naka lissafin, kuma nan ne ƙashin bayan maganar. Akwai ma'aunin da ake kira MET: zama shiru MET 1 ne, wato kusan kalori 1 ga kowane kilo na jikinka a awa guda. Masaniyar motsa jiki Barbara Ainsworth da abokan aikinta sun fitar da jadawalin ayyuka da ma'aunin kowanne tun 1993, har yau da shi ake aiki. Tafiya a kilomita 5 cikin awa kusan MET 3.5 ce, sassarfa a kilomita 8 ta ɗan haura 8, gudu a kilomita 10 kusan 10. Ka ninka MET da nauyinka da awannin da ka yi. Mai kilo 85 da ya yi tafiyar rabin awa: 3.5 sau 85 sau rabi, kalori 149. Da sassarfa ya yi, da ya samu kusan 350. To idan tafiya kawai ka yi allon ya ce 300, ka san an yi maka romon baka.

A keken motsa jiki mai nuna wat, wato ma'aunin ƙarfi, abin ya fi sauƙi, ya kuma fi kusa da gaskiya, don injin na auna ƙarfin da ka zuba ne kai tsaye. Wat 100 na tsawon awa guda kusan kalori 360 ne. Injin eliftikal, mai matakai biyu da sandunan hannu, shi na fi zargi, domin da zarar ya ɗauki gudu shi ke taya ka juyawa.

Bayan nan ka cire kalorin zama. Injina da yawa na haɗawa da abin da za ka ƙona ko da kana kishingiɗe a falo. Mai kilo 85 ɗin nan zai ƙona kusan 42 a rabin awa ba tare da ya motsa ba. Cire su daga 149, saura 107. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne. Ba daɗin ji, amma haka lissafin yake.

Kada ka ce agogon hannu zai raba gardama. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7 a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a kalori wadda ta fi ƙoƙari ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Dalilin a fili yake: ba aiki kaɗai ke ɗaga bugun zuciya ba. Zafin Afrilu a ɗakin da aka ɗauke wuta, ƙishirwa, goro, shayi mai kauri, duk suna iya ɗaga shi, agogo ya ɗauka ƙarin aiki ne. Wasu magungunan hawan jini kuma rage shi suke yi, sai lambar ta faɗi ƙasa.

Daga ƙarshe, zaɓi inji ɗaya ka lizimce shi, don ko da yana ƙari, ƙarin iri ɗaya zai riƙa yi kullum. Rubuta nisa, mintuna da wat a waya bayan kowane zuwa. Idan rage ƙiba kake nema, hau sikeli ɗaya da safe kafin karin kumallo, sau biyu ko uku a mako. Bayan makonni huɗu ka duba: idan nauyi bai motsa ba alhali allo na ta ba ka ɗaruruwa, raba lambar allon biyu ka sake lissafin abincinka da wannan.