Masu zuwa Guangzhou: a gyara takarda kafin a fita yawon gari

Tun da aka sake buɗe Chaina a farkon 2023 bayan kullen korona, 'yan'uwanmu suke ta kwararowa Guangzhou. Wasu sari ya kawo su, wasu kuma buɗe ido, suna son ganin garin da kayan Kantin Kwari da na Ƙofar Wambai ke fitowa. Madalla, gari ne da ya isa a gani. Abin da ke ɓata mini rai shi ne duk wata sai an kira mu, mu mazauna garin nan, a kan matsala iri ɗaya, kuma iri ɗaya da wadda muka sha tun shekarun baya.

Shigowa gari ba wuya. Daga filin jirgin Baiyun ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3, ka canza zuwa na 2 har babbar tashar jirgin ƙasa, sannan na 5, tasha ɗaya ka sauka a Xiaobei. Nan za ka ji Hausa a bakin titi. Ka sa Alipay da WeChat a wayarka tun daga gida, domin ko mai sayar da lemo da waya ake biyansa, kuma WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa haka kawai. Kada ka ɗauko kilishi, kwastan ba sa barin nama ya shigo. Abinci kuwa, ka nemi shagunan taliyar Lanzhou da na 'yan Xinjiang masu alamar halal. Girkin mutanen Canton, wato Guangzhou, akwai daɗin ƙamshi, amma man alade yana shiga har cikin ganye da burodi.

Inda ake faɗuwa shi ne takarda.

Dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2013 ta ce duk baƙon da ya sauka a wurin da ba otal ba, dole ya yi rajista a ofishin 'yan sandan unguwa cikin awa 24. A otal su za su yi maka, sai dai ba kowane otal ke karɓar baƙon ƙasar waje ba, don haka ka tambaya kafin ka biya. Amma namu mutum, da ya sauka sai ya ce ai ɗan garinsu yana da ɗaki, me zai kai shi ɓarnar kuɗi? Ya shimfiɗa katifa a ƙasa, ya yi mako biyu babu wanda ya san da zamansa. Tarar rashin rajista tana kaiwa yuan 2,000 na kuɗin Chaina, kuma ba kai kaɗai za ta shafa ba: wanda ya ba ka masauki don Allah shi ma ka jawo masa ido. Sannan ran da ka je neman ƙarin kwanaki a biza, wannan 'yar takardar ce farkon abin da za a ce ka miƙo. In ka canza gida, sabuwar rajista. In ka sabunta fasfo ko biza, sabuwar rajista.

Wanda zai daɗe ya kama haya, a nan ake kuka. A Guangzhou an saba karɓar kuɗin ajiya na wata biyu da hayar wata ɗaya a gaba, ga ladan dillali. Da yawa cikin masu ba da ɗakuna a lungunan Dengfeng da kewayen Sanyuanli ba su ne masu gidan ba. Haya suka kama, suka yanyanka da katako, suke bayarwa. Ni ma haka wani ya yi mini a farkon zuwana. Mutum mai fara'a, ya haɗa mini shayi a 'yan ƙananan kofunansu, ya ƙirga kuɗi, ya miƙo makulli. Da na ce mu je ofishin 'yan sanda sai ya ce gobe. Goben ba ta zo ba. Da na je ni kaɗai, jami'ar ta ajiye fasfona gefe ta ce ina kwafin katin shaidar mai gida, ina takardar mallakar gida? Babu ko ɗaya. Ashe ainihin mai gidan ba ta ma san akwai baƙo a ciki ba, kuma da ta sani ta ce in fita. Na fitar da akwatunana cikin ruwan sama, kuɗin ajiya kuwa har yau. Shi ya sa nake gaya wa kowa: kada sisinka ya fita sai ka ga takardar mallaka da idonka, sunan da ke kanta ya zama shi ne a katin shaidar mutumin, kuma ya yarda zai ba ka kwafi ko ya raka ka. In ya fara kame-kame, ɗauki jakarka. Ka ɗauki hoton bango da mita da na'urar sanyaya ɗaki ranar shiga, domin a watan Maris bangon garin nan gumi yake yi saboda laima, ya yi baƙi, ran fita a ce kai ka ɓata.

Wanda ya ga watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal da sunan korona har wasu suka kwana a titi, ya san mai takarda ma bai tsira gaba ɗaya ba, balle marar ita.

Sai biza kanta. Akwai ranar da aka rubuta ta ƙarshen shigowa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarda ka zauna a kowace shiga. Ba abu ɗaya ba ne. Mutum ya ga wata uku a sama ya saki jiki, alhali kwana 30 aka ba shi. Duk kwanan da ka ƙara yuan 500 ne, har zuwa 10,000, ko a tsare ka kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya hana ka dawowa na shekaru. Neman ƙari ana yinsa ne kwana 7 kafin wa'adi ya cika, a ofishin shige da fice, da ƙafarka. Duk wanda ya ce ka ba shi fasfo da dala zai gyara maka ta bayan gida, ka guje shi ko da yarenku ɗaya. Kuma bizar yawon buɗe ido, wato L, ko ta kasuwanci, wato M, ba ta ba ka izinin kama aiki a shagon kowa ba. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, ana tsayar da mutane a duba.

Kusan kowa yana son leƙa Hong Kong, tunda jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum cikin ƙasa da awa ɗaya. Ba laifi, a shiga jirgin ruwan Star Ferry a ga tashar da daddare, a yi salla a masallacin Kowloon da ke titin Nathan. Amma mai fasfon Najeriya sai da bizar Hong Kong daban, kuma da ka tsallaka an ƙirga ka fita daga Chaina. Wani yaro mai bizar shiga sau ɗaya ya tafi da 'yar jakar hannu, ya bar kayan sarinsa a sito, ya dawo bakin iyaka aka ce bizarsa ta ƙare. 'Yan'uwa ne suka haɗu suka loda masa kayan.

In takardarka ta daidaita, ka sha yawonka. Ka hau hasumiyar Canton mai tsawon mita 600, ka shiga jirgin ruwa a kogin Zhujiang bayan magariba, ka zaga tsibirin Shamian inda Turawa suka bar gine-ginensu. Ka je masallacin Huaisheng a titin Guangta, wanda ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar. Juma'a kuwa ka yi ta a masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda mutanen gari ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake malamanmu sun tabbatar a Baƙi'a aka binne shi. Ka tafi da wuri, sahu yana kaiwa har waje, kuma bayan salla ana kasa tsire da gurasar 'yan Xinjiang. Ka kauce wa lokacin baje kolin Canton, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, in ba shi ya kawo ka ba, don kuɗin otal ninkawa yake.

Ina alfahari da jama'armu a nan. Mun yi jinyar marasa lafiya, mun yi karo-karo mun biya wa mutane tara, mun yi wa mamatanmu sutura a ƙasar da ba tamu ba. Amma don Allah kada ka jira sai an kama ka sannan mu san ka iso. Ran da ka sauka ka zo ka gaida manya, ka bar kwafin fasfo da lambar wani naka a gida. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, zuwa ko komawa, sai an buɗe shi a gabanka ka duba da hannunka. Hukuncin safarar ƙwaya a Chaina yana kaiwa ga kisa.