Tsohon agogo, ruwan alwala da lambar bayan murfi

Duk wanda ya gaji agogon mahaifinsa, Seiko 5 ne ko Citizen ko Omega, abin da nake fara gaya masa shi ne ya riƙa cire shi kafin alwala. Rubutun bayan murfi da ke cewa ruwa ba ya shiga, lokacin da agogon yake sabo ake nufi. Abin da ke tare ruwan wata siririyar roba ce a bakin murfin baya, da wata a jikin maɓallin saita lokaci. Zafin bazara da bushewar hunturu irin namu na Birnin Kebbi suna ƙeƙasar da ita har ta tsage. Daga nan ko gumin hannu ma shiga yake. Masu aikin shinkafa a fadama, don Allah ku bar shi a gida.

Idan ka ga tururi ya kwanta a cikin gilashi, kada ka shanya shi a rana, kada ka binne shi cikin shinkafa. Gilashin zai washe, amma danshin yana nan cikin inji yana haifar da tsatsa. Kai wa mai gyara a ranar, ya buɗe, ya busar, ya canja roba. Da damina kuwa, ajiye shi a gwangwani mai murfi tare da ƙananan ƙunshin shanye danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Gane inji ba sai ka buɗe ba. Dubi hannun sakan: idan yana tsalle sau ɗaya kowane sakan, mai batir ne da ake kira quartz, kuma irinsu sai 1969 suka fara shiga kasuwa. Idan yana tafiya sumul, wanda ake wanawa da maɓalli ne ko mai wana kansa da motsin hannu. Na fi jin daɗin Seiko a nan, domin a bayansa akwai lamba kashi biyu da ɗan layi a tsakani, huɗun farko su ne sunan injin: 6309, 7009, ko 7S26 da ya fito a 1996. Shi 7S26 ba a wana shi da maɓalli, girgiza shi ake yi, kada wani ya ce maka ya lalace. Agogunan Suwizalan kuma sai mai gyara ya buɗe, tambarin maƙerin injin, kamar ETA, yana ƙarƙashin ɗan gargaren da ke kaɗawa. Kafin ka biya kuɗin tsohon Seiko, sa a tabbatar maka lambar da ke jikin injin ta zo ɗaya da ta bayan murfi.