Yadda ake maganin zafin inji a Sprinter ta haya kafin gaskit ya ƙone

Mafi yawan motocin hayar da ake janyo mana da igiya zuwa Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ciwonsu ɗaya ne. Direba ya ga allurar zafi ta hau, ya ce bari ya lallaɓa ya kai tashar Kejetia ya sauke fasinja, kafin ya kai gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Ina rubuta wannan ne saboda yaran gareji da suka fara karɓar aiki da kansu, da 'yan'uwanmu masu mota na Aboabo da Asawase. Sprinter 312D mai silinda biyar na fi taɓawa, ita zan kama, amma rabin maganar ya hau kan Hiace da Urvan.

Ka bar inji ya huce tukuna. Kada ka buɗe murfin ruwa da zafi, kada ka sheƙa masa ruwan sanyi. Idan ya huce, fara da murfin nan da kowa ke rainawa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi har ruwan ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa guduwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba. Na sha ganin an naɗe shi da leda. Kuɗinsa bai kai na lodi ɗaya ba, ka saya sabo, kada ka sayi na hannu.

Daga nan sai lagireto. Ƙurar hunturu tana toshe ramukansa, musamman motar da ke bin hanyar Tamale. A wanke shi daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don injin wanki mai feshi yana kwantar da siraran ƙarafan da ke tsakanin ramukan. Ka tayar da mota ta ɗumama, ka kashe, ka shafa lagireton da hannu. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, ciki ya toshe. Fanka kuma, inji a kashe yana da ɗumi, ka juya ta da hannu. In ta yi ta juyawa ba nauyi, kulocinta ya mutu. Ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwa ko yana tsatsafa, ka duba bel.

Tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama, ba a cire shi. Na san a Magazine da yawa za su ce ƙasarmu da zafi, na Turai ne, a jefar. A wannan injin, idan tamostat ya buɗe wa lagireto hanya, yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Ka cire shi, ruwa ya riƙa bin gajeriyar ya bar lagireto, motar ta yi zafi a kan tudu. Ka jefa shi a tukunya bisa wuta, ya kamata ya fara buɗewa wajen digiri 85, kafin ruwan ya tafasa. Bai buɗe ba, a canza.

To, ga inda na taɓa ƙonewa. Alamun gaskit sanannu ne: kumfa na tasowa a tankin ruwa, tiyon sama ya yi tauri kamar taya minti kaɗan bayan an tayar da mota da safe, farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma kamar koko. Lokacin da na fara cin gashin kaina, wani dattijo ya kawo min motarsa da waɗannan alamu. Na buɗe, na sa sabon gaskit, na mayar da tsofaffin kusoshi, na ɗaure da ƙarfin hannu. Ya ce, "Masta, ka tabbata?" Na ce, "Baba, je ka." Sati uku aka kira ni daga Nkawkaw. Ni na biya janwe, ni na sake sayen kaya, kuma har yau ina jin kunyar kwanakin da motar bawan Allah ta yi ba ta kawo ko sidi ɗaya gida ba.

Abin da ban yi ba shi ne awon kan inji. Kan nan alminiyam ne, gangar jikin baƙin ƙarfe, in suka yi zafi kan ne yake lanƙwashewa, kuma ido ba ya ganin haka. Ka kankare shi tas, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kuma a karkace, ka gwada zura ganyen awo, siririn ƙarfen da ake auna giɓi da shi, a ƙarƙashinsa. In ya shige, kai kan wurin masu sassabe su daidaita fuskarsa, suna nan birjik a Magazine. Ka ce su gwada shi da matsi kuma, don tsagewar da ke tsakanin bawul ba ta fitowa sai an matsa. Kusoshin kan irin masu miƙewa ne, ni dai ba na mayar da tsoho. Kowane rami a busar da shi. Mai ko ruwa ya kwanta a ciki, ka ɗaure kusa a kai, gangar na iya tsagewa. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a fita waje, hawa-hawa, da sifanar awo mai nuna ƙarfin ɗauri, hawa biyun ƙarshe kuwa juyi ne na digiri 90 kowanne. In ba ka da sifanar, ka ara. Gaskit ma kada ka bi arha, ko daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota a Accra, za a aiko maka shi, ka jira.

Sauran da sauƙi. Ruwan leda da na rijiya su ke cinye inji da tsatsa, ka haɗa kulan, ruwan sanyaya inji na kanti, da tataccen ruwa rabi da rabi. Buɗe hita, zuba a hankali, ka riƙa matsa tiyon sama har iska ta fita, canza baƙin mai da filta. Ka hau tudu da kaya ka kalli allura, washegari da safe ka sake duba ruwa kafin a shiga layi a tasha.