Ɗan jarida, gawa da ƙaramin gari: inda marubuta labarin binciken kisa suke tuntuɓe

Labarin ɗan jaridar da ke bin sawun kisan kai a ƙaramin gari yakan lalace tun daga babin farko idan marubuci ya kwaso tsarin fina-finan Amurka ya dasa shi a garinmu. A can gawa tana kwana a firiji har likita ya gama aikinsa. A nan wanda aka tsinta da asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga wannan bambancin yawancin kurakuran ke tasowa.

Gawar da ke jiran jarumi

Marubuci zai sa ɗan jarida ya taso daga Kano ko Kaduna washegari, ya tarar da gawa kwance, har ya duƙa yana duba rauni. Wanda ya san ƙauye ba zai yarda ba. Dangi sukan ƙi a yanka mamaci don bincike, kuma likitan da ya ƙware a binciken gawa sai a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Gyaran shi ne a bar jarumin ya makara, ya iso ana zaman makoki. Hujjarsa tana bakin waɗanda suka ga gawar: wanda ya fara tsintarta, ma'aikacin asibitin da ya tabbatar rai ya yi halinsa, da mai wankan gawa, wanda ya ga abin da likkafani ya rufe. Shi kuma mai wanka addini ya hore shi da rufa asirin mamaci, don haka samo magana daga bakinsa kaɗai ya isa babi guda.

Idan za a kawo alamun lokacin mutuwa, a kawo su daidai. Sandarewa tana farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, kuma zafin bazara yana hanzarta duk wannan. Jini yana taruwa a gefen da ke ƙasa, bayan awa 8 zuwa 12 tabon ya zauna. In tabon yana baya amma an tsinci mutumin rub da ciki, to juya shi aka yi ko daga wani wuri aka kawo shi. A baƙar fata tabon ba ya fitowa sosai, sai mai lura. Kada wani a labarin ya ce "ƙarfe biyu da kwata ya mutu". Likita ma tazarar awoyi yake bayarwa.

Ɗan jarida ya koma ɗan sanda

Ba ya kama mutum, ba ya tsare shi da tambayoyi, kuma kamfanin waya ba zai miƙa masa bayanan kiran wani ba. Makamansa littafin rubutu, rikodar waya, haƙuri da majiya. In labari yana buƙatar bayanan kira, sai dai wani jami'i ya tsegunta masa, kuma jami'in yana da dalilinsa na yin hakan, wanda ya kamata ya dawo ya ciji jarumin daga baya.

Tafiyar shari'a ma ana yawan birkita ta. DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan yanki, ba ya riƙe ƙarar kisa, yana tura ta sashen binciken manyan laifuka a hedikwatar jiha. Kotun majistare ba ta da hurumin yanke hukunci a laifin kisa, wanda tsohon kundin Penal Code na Arewa ya tanada a sashe na 221. Takan tura wanda ake zargi gidan gyaran hali a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a, sannan babbar kotu ta saurara. Wannan jiran kan ci watanni. Wanda ya sa alƙali ya yanke hukuncin rataya cikin mako guda ya zubar da kayan aiki, domin a cikin jiran ne fayil ke ɓata, shaida ke canza magana, a kuma lallashi dangi su ce sun bar wa Allah.

Garin da bai san komai ba

Wannan ne kuskuren da ya fi ɓata labari. Ana rubuta mutanen gari kamar suna cikin duhu har baƙo ya zo ya haska musu. A ƙaramin gari an san wanda ya fita da babur bayan isha'i, an san rigimar gonar da ta shekara goma, an san wanda aka hana aure. Abin da babu shi ne mai faɗa a gaban rikoda, domin wanda ake zargi surukin wani ne, ko shi ke ba da bashin taki. Tambayar da ke jan labarin ta zama: me zai sa wannan mutumin ya yi magana, kuma me zai rasa in ya yi? Kowace majiya a ba ta abin da take tsoro da abin da take so.

A kuma kiyaye ƙofofin shiga. Baƙon da bai gaida mai unguwa ko dagaci ba, kafin azahar labarinsa ya kai kunnen hakimi. Namiji ba zai kutsa gidan da matar mamaci ke takaba ta wata huɗu da kwana goma ba. 'Yar jarida mace za ta shiga har ɗaka, amma ba za ta zauna a teburin mai shayi da dare ba. Jinsin jarumin ne ke yanke rabin hujjar da zai iya kaiwa gare ta, sauran sai ta hannun wani.

Makashi daga sama

Wanda ya yi kisan ya kamata ya bayyana a rubu'in farko na littafin, ya yi magana, mai karatu ya saba da shi. Mutum huɗu ko biyar da ake zargi sun isa, kowanne da ƙaryar da yake yi don ɓoye wani abu daban. Boka da aljani suna iya zama abin da gari ya yi imani da shi, har makashin ya fake da su, amma mafarki ko bugun ƙasa ba za su warware kisa ba. Haka dogon jawabin da mugu ke yi yana tona kansa alhali ya riƙe wuƙa. Soyayya kuwa, in ta ci babi uku a jere ba a ambaci mamacin ba, ta ƙwace littafin.

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad su fi kowa kiyayewa, don abin da aka saki ba ya gyaruwa. Kafin shafin farko a rubuta jadawalin daren kisan awa bayan awa, da inda kowa yake, a auna da lokutan salla tunda da su shaidu ke tuna lokaci.

An gano, sai me?

Sanin makashi rabin aiki ne. Edita zai nemi majiya ta biyu, ya nemi a ji ta bakin wanda ake zargi da kakakin 'yan sanda, lauyan jarida kuma ya yi maganar ƙarar ɓata suna. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama 'yan jarida da shi, kuma kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986 har yau ba a hukunta kowa a kansa ba. Barazanar da ta fi kama da gaskiya a ƙaramin gari ba ta kai haka ƙara ba: ambulan ɗin "na goro", kiran waya zuwa ga mai jaridar, ko dattijon da zai je ya gaida mahaifin jarumin. A ware aƙalla babi biyu na ƙarshe ga wannan kokawar, a kuma nuna halin da majiyar ta shiga, domin ɗan jarida zai hau mota ya koma birni, ita kuwa a garin za ta kwana.