Yadda ake ceton tsofaffin hotunan gida kafin gara da damina su riga mu

Ni dai ban gaji sana'ar hoto ba, damina ce ta jefa ni cikinta. Shekarar da ruwa ya yi gyara a unguwarmu ta Birni, a Damagaram ta Nijar, rufin ɗakin kakata ya yi yoyo a kan adakar da take ajiya. Da muka buɗe bayan kwana uku, hoton kakanmu, wanda shi kaɗai aka taɓa ɗaukarsa a duniya, ya jiƙe ya narke, sai rawani da gefen riga suka rage. Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce: "Ɗan nan, yau Malam ya sake rasuwa." A satin na ari kyamara na shiga bin dangi gida-gida. Ba sai da manyan kaya ake farawa ba. Seydou Keïta na Bamako yana koyon aikin kafinta kawunsa ya kawo masa 'yar ƙaramar Kodak a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948, yau ga hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya. Salular da ke aljihunka ta ishe ka wannan aiki.

Fara da tattarawa. Wurin tsofaffin mata za ka nufa, don a hannunsu hotuna suke: ƙasan adaka, cikin kwalla, bayan madubi, jikin tsohon katin shaida. Kada ka raina ƙananan hotunan takardun lakwal ko na fasfon aikin hajji, sau da yawa su kaɗai suka rage wa mutum. Kuma kada ka ce a ba ka ka tafi da su. Wanda aka taɓa arar masa hoto bai dawo ba, ba zai sake sakin wani ba. A tsakar gidan za ka yi aikinka, mai abu tana gani.

Wanke hannu ka busar, ka riƙa kama hoton ta gefe. Ƙurar hunturu kuwa da ƙyalle mai laushi ake kakkaɓe ta, ban da ruwa, ban da miyau. Wanda ya manne da gilashi, ka bar shi yadda yake. In ka ja, fuskar za ta biyo gilashin.

Sai ɗaukar hoton hoton. Da hantsi ya fi, a inuwar rumfa ko bakin zaure, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan wurin. Goge idon kyamarar, kashe filasha, shimfiɗa hoton a kan farin zane, ka tsayar da wayar daidai samansa ba tare da karkata ba. Ɗauki biyu ko uku. Juya shi ka ɗauki bayan ma, domin hatimin shagon mai hoto yakan nuna garin da aka ɗauka, wani lokacin har da shekara.

Yanzu muka zo inda aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Hoton da ba a san mai shi ba, takarda ce kawai. Na sha ganin zankaɗeɗiyar amarya a albom, gida guda cur babu mai iya cewa wace ce, don wadda ta sani an binne ta bara. Ka zauna da dattijuwar gida, ka kunna ɗaukar murya, ka tambaya a hankali: "Gwaggo, wannan wane ne? Ɗan wa? A ina aka ɗauka?" Ka tuna akwai alkunya. Mace ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai dai ta ce "Malam" ko "wannan yaron". Kada ka matsa mata. Ka nemi cikakken sunan wurin kawu daga baya. Shekara ma ba da lamba tsofaffi ke lissafa ta ba. In ta ce zamanin Diori ne, ka san tsakanin 1960 da 1974 ke nan. In na Kountché ne, 1974 zuwa 1987. In ta ce shekarar El Buhari, yunwar 1984 take nufi. In lokacin da ɗan garinmu Mahamane Ousmane ya hau mulki ne, 1993. Duba abin da ke bayan mutanen kuma: ƙofar fadar Sarkin Damagaram, guntun ganuwar Sarki Tanimun, rumfunan kasuwar Dole. Duk abin da ka samu, rubuta shi a bayan hoton da fensir, ba tare da danne hannu ba. Tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓata fuska.

Wajen ajiya, abokan gaba huɗu ne a garin nan: gara, laima, ƙura da zafi. Sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, ka zuba su cikin ambulan. Ban da gam, ban da ɗaurin roba, ban da ƙulle su a leda, don leda na riƙe laima da damina. Adakar ƙarfe ta fi, a ɗora ta kan bulo, a janye ta daga jikin bango, kuma kada a bar ta dab da rufin kwano a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Masu launi su suka fi saurin koɗewa.

Waɗanda ka ɗauka a waya kuma, kada su kwana wuri guda. Waya na faɗawa randa, ana sace ta a kasuwa, katin memori na mutuwa ba sallama. Kwafi guda a waya, guda a intanet (Google na ba da giga 15 kyauta), guda wurin ɗan'uwa a Yamai, Agadas ko Kano. In ta WhatsApp za ka tura, zaɓi Document, in ba haka ba za ta matse hoton ya rasa kyansa. Mafi muhimmanci a cikinsu kuwa ka kai a wanke maka su a takarda.

Daga nan sai ka ɗauki sababbi. Hawan Salla da wasan kara ba su rasa masu ɗauka. Abin da ke ɓacewa shiru shi ne inna a bakin murhu, baba baduku a kan fatunsa, zanen bangon soro kafin a shafe shi da siminti. Nemi izini kullum. Akwai dattijan da ba sa son hoto saboda addini. Ka girmama su, ka roƙi a bar ka ka ɗauki allonsu ko carbinsu. Hoton matan gida kuma ba na sakawa Facebook ba ne sai da yardarsu.

Hoton farko da na ɗauka na kakata ne, tana zaune kan tabarma da lalataccen hoton Malam a hannunta. A bayansa na rubuta sunanta, da na mahaifinta, da na Malam, wanda sai da na je wurin kawuna na samo shi.