Matakan Gyaran Bodin Tsohuwar Mustang da Sake Mata Fenti

Da farko a kwance bamba, fitilu da gilasai a adana su, domin kayan Ford Mustang ta 1967 suna da wuyar samu ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sannan a kankare tsohon fenti har ƙarfe ya bayyana.

Inda tsatsa ta huda, musamman ƙasan ƙofofi, a yanke wurin a yi waldar sabon ƙarfe, kada a toshe ramin da foti, wato kwaɓin da ake shafawa don daidaita jikin mota, domin tsagewa zai yi. Bayan fanalbita ya daidaita lotsawa, a shafa foti kaɗan, a goge da samfefa, ana bi da tafin hannu don jin tudu.

A fesa fentin share fage, a sake gogewa, sannan a fesa launi sau uku a rufaffen wurin da aka yayyafa wa ruwa, saboda ƙurar hunturu tana ɓata ɗanyen fenti.