Yadda ake kiwon kihin gupi cikin zahin Sakkwato har ya haihu

Jama'a da yawa in sunka ga ƴan kihin nan masu wutsiya kala-kala cikin gilashi sai su zaci aikin masu kuɗi ne, alhali gupi ko cikin baho shina rayuwa in ka san halinshi. Abin da ya sa nake son wanga kihi shi ne ba ya zuba ƙwai kamar tarwaɗa ko karfasa, ƙwan cikin uwar yake ƙyanƙyashewa ta haifo ɗiyanta da rai suna iyo nan take. Ranar da na fara ganin haka wallahi na daɗe tsugune bakin baho.

Asalinshi ba namu ba ne, daga Kudancin Amurka yake, wajen Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad, cikin ƙananan rafuka da kududdufai masu ciyawa. Sunan ma na wani mutum ne, Robert Lechmere Guppy, da ya tura samfurin kihin daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Daga baya anka riƙa kai shi ƙasashe don ya cinye tsutsar sauro, shi ya sa yanzu kusan ko'ina akwai shi.

Ka fara da ruwa, don nan ne mutane ke kashe shi. Ruwan famfo akwai kulorin ciki, wato maganin da ake sa ma ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, kuma shina cutar da kihi, don haka ka tara a bokiti ya kwana aƙalla ɗaya a buɗe kulorin ya fita kahin ka zuba kihi. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi dacewa da shi, gupi na son ruwa mai ɗan nauyi irin wanda sabulu ke wuyar kumfa ciki. Mazubi kuma ya kai lita 40 ko sama, kada ka sa shi a ƙaramar kwalba don tausayin Allah, ƙaramin ruwa shi ke saurin zahi shi ke saurin ɓaci.

Sai maganar zahi, wadda ita ce tamu a nan. Gupi na jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu iska na wuce 40, kuma ruwa in ya yi zahi iskar numfashi da ke ciki raguwa take, sai ka ga kihi duk sun taso sama suna hamma kamar masu roƙo. To mazubin ya zauna ƙasa cikin inuwa, ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da kwanon rufi. In wuta ta ɗauke injin kumfa mai hura iska cikin ruwa ya tsaya, ka ɗebe ruwan kaɗan ka ƙara da ruwan randa sannu-sannu, kada ka jefa ƙanƙara, sanyin farat ɗaya ya fi zahin illa. Ni na yi wannan kuskuren, kihi takwas na tsinta matattu da safe. Lokacin hunturu kuma akasin haka ne, ka rufe saman da dare da wani yadi mai shara-shara, ya tare sanyi ya tare ƙura.

Wajen saye ka duba da kyau. Namiji ƙarami ne, santimita 3 ko ƙasa, shi ne mai ado, kuma ƙaramin fiffiken ƙasan cikinshi siriri ne kamar tsinke, da shi yake barbara. Macen ta fi girma, tana kai 5 zuwa 6, ba ta da kala sosai, tana da baƙin tabo bayan ciki wanda ke ƙara duhu in ta ɗauka. Ka haɗa mata biyu ko uku da namiji ɗaya, in ba haka ba, zai hana macen sakat da bi.

Cikin nata sati uku zuwa huɗu ne, ta haifi 20 ko 30, babba ta fi haka. Kuma tana ajiye maniyyin namiji a jikinta wata da watanni, don haka in ka sayo mace ita kaɗai ta haihu kada ka yi mamaki. Matsalar ita ce manyan na cinye ɗiyan, har uwar da ta haife su. Maganin mai sauƙi ne, ka samo kainuwa ka wanke ta tas ka aza saman ruwan, ɗiyan su ɓuya cikin saiwarta, ga inuwa kuma kyauta. Ko ka ware uwar a wata roba in cikin ya cika, tana gamawa ka maido ta.

Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, na kanti ka murje shi ya yi laushi ma ƙananan. Tsutsar sauro ta tsohon ruwa in ka tace ka ba su suna so ƙwarai. Duk sati ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Cikin wata biyu zuwa uku ɗiyan ma sun fara haihuwa, baho ya cika. In sunka yi maka yawa ka raba ma yaran unguwa ko ka ware maza daban, amma don Allah kada ka kai su Gulbin Rima ko wani tafki ka juye, baƙon kihi ne mai saurin yaɗuwa kuma shina takura ƙananan kihin wurin da ya shiga.